Goron Bikin Faransa

Rediyo ce ta ja mini. Na ji an ce ranar sha huɗu ga Yuli Faransawa ke bikin ƙasa, don tuna ranar da talakawa suka fasa kurkukun sarkinsu. Ni kuwa mai ji da sanin duniya, sai na tuna Isufu, mutumin Nijar mai shayi a tashar Gummi. Ai yana jin Faransanci! Na zura babbar riga, na sayi goro, na je wurinsa, a gaban jama'a na ce masa, "Barka da sallarku!"

Ya dire buta. "Malam, waɗanda sunka mulke kakannina, munka kore su da ƙyar, su zan taya salla?"

Goron dai an cinye shi tas. Shekara biyu ke nan, har Inna "Jakadan Faransa" take kirana.