Yadda Na Share Waƙoƙin Matan Zumunta

Da Mama Saratu, shugabar mawaƙan matan zumunta a cocinmu na Gonin Gora, ta koka da nauyin kwamfutarta, sai na gyara zama na ce, "Mama, ai wannan fannina ne."

Na sauko da manhajar tsaftace kwamfuta ta kyauta daga intanet. Manhajar ta tambaya ko ta share duk abin da ke cikin kwamfutar, na amince cikin natsuwar mai digiri. Waƙoƙinsu na shekara tara, har da muryoyin waɗanda suka rasu, suka salwanta.

"Amma yanzu tana sauri," na ce.

"Saurin zuwa ina, ɗana?"

Har yau, da na shiga harabar coci, sai wata ta ɗaga murya: "Mata, ku ɓoye wayoyinku, ga Injiniya nan!"