Ya Liƙe wa Kakarsa Hanya

"Sannu da aiki, ragon miji. Ashe kai ne ka toshe min hanya?"

Mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa, ya ga kakarsa tsaye tana dogara sanda. Tun safe yake liƙe ɓarakar da mutane suka yanka a shingen ƙarfen bakin babban titi. Shekaranjiya mota ta kashe ƙawar tsohuwar a daidai nan, gidan makokin kuma yana tsallake. Shi ya roƙa a ba shi aikin, don ya san wadda za ta zo, ya kuma san taurin kanta.

"Sannu, amarya marar haƙori. Ga gadar masu ƙafa can."

"Wadda tsuntsu ma sai ya huta kafin ya kai samanta? Ka ga gwiwata kuwa?"

"Ina dai jin ta. Ƙararta ta fi ta injina."

"Ja'iri. Tun ba a haifi ubanka ba nake tsallaka titin nan."

"Lokacin jakuna ke wucewa, su ma don tsoronki suke tsayawa."

"Cire min ƙarfe ɗaya kawai."

"In mota ta kwashe ki me zan gada, tsohuwar buta? Ki bari in samo wadda za ta maye gurbinki tukuna."

"Wa za ta aure ka, kana ƙaurin ƙonannen ƙarfe?"

Wata tirela ta wuce a guje, shingen ya girgiza. Tsohuwa ta bi ta da ido.

"Ranar hannuna na cikin na ƙawata," ta ce a hankali. "Ita ke duba hanya, ni ke saurare. Na ce mata ban ji komai ba, mu tafi."

Ba wanda ta gaya wa wannan. Tausayinta ya kama shi, amma ya san ko kuka ta yi ba zai buɗe ba. Ya kashe injin, ya durƙusa ya juya mata baya.

"Hau."

"In hau ina?"

"Bayan mijinki mana. Na hau gadar nan da buhun siminti, ke kuwa ko rabin buhu ba ki kai ba."

"A gaban jama'a? In ka ya da ni, yau sai ka ba ni takardata."

"Zaɓi: bayana ko komawa gida."

Ta share ido da gefen mayafi, wata 'yar dariya ta kuɓuce mata. Ta miƙa masa sandar.

"Riƙe. Ka tafi a hankali. Ni da na goya ka ban taɓa ya da kai ba."