Mista Hostetler, Uban Baitulmali

Duk jihar Ohio babu mai nauyi a kafaɗa kamar Mista Wendell Hostetler. Shi ke ciyar da ƙasar nan. Da bakinsa ya gaya mana, kuma ba sau ɗaya ba. Tun da ya yi ritaya daga sayar da tayoyi ya mayar da teburin bakin taga a shagon kofin unguwarmu ofishinsa, mu kuwa muka naɗa shi Uban Baitulmali.

Watan Maris, lokacin cike takardun haraji, shi ne kakarsa. Biro uku yake sokewa a aljihun gaba, kodayake nasa takardun matarsa ke cikewa, shi nasa sa hannu.

"Titin da kuka biyo, harajina ne," in ji shi. "Masu karɓar tallafi kuwa, a aljihuna suke karya kumallo."

Darlene, mai zuba mana kofi, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki biyu, kuma ba ta daɗe da karɓar katin tallafin abinci ba. Ta sunkuya ta tambaye shi a hankali ko ana cire haraji a kai.

"Rabi za su yanke, 'yar nan!" Har masu soya ƙwai a kicin sun ji.

Kwana uku tana shawarar mayar da katin. Ranar Asabar ta nufi laburare, inda 'yan sa-kai ke cike wa mutane takardu kyauta. Uban Baitulmali ya raka ta don ya duba ingancin aikinsu.

Misis Tillman, tsohuwar malamar lissafi da ke cikin 'yan sa-kan, ta duba ta ce, "Ba a cire ko sisi a tallafin abinci. Riƙe katinki."

Gogan ya yi gyaran murya, ya dire nasa fayil. "Ga na masu biya, ki ga bambanci."

Ta buɗe, ta gyara tabarau.

"Mista Hostetler, fanshon gwamnati kaɗai ke shigo maka?"

"Ƙwarai."

"Ai bai kai a cire haraji a kansa ba. Shekara shida ke nan ba ka biya komai ba. Kai ma ka cancanci katin. In miƙo maka fom?"

Darlene ta dafa kafaɗarsa. "Karɓi, Wendell. Zan nuna maka kantin da madara ta fi araha."