Ranar da Hancina Ya Yi Lacca a Argungu

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da hancina ya tozarta ni a gaban matan Argungu ba. Hancina na kaina, wanda Allah Ya ba ni lafiya lau, ni na je na tsokano shi.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Birnin Kebbi ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato, ofis ɗaya mutum shida, kujera uku. Ni kuwa sabuwar malamar kiwon lafiya ce, aikina in tara mata in koya musu tsafta, musamman kula da cibiyar jariri da hujin kunnen 'ya'ya mata. Ina da farar riga, ina da takardar shaida, ina kuma da bakin da ba ya gajiya da yi wa mutane faɗa. Shugabarmu, Sista Kulu, ta sanar cewa za a tura mutum ɗaya kwas Kaduna, kuma mu biyu take dubawa, ni da wata Luba. Kwas ɗin nan na sa shi a rai har na fara tambayar mutane irin takalmin da ake yayi a Kaduna.

Luba daga Sakkwato ta zo, da 'yar barima a hancinta, in ta juya sai ta yi wal. Ba ta fi ni karatu ba, ba ta fi ni iya magana ba, amma in mun shiga wuri ita ake fara gaisarwa. Na zauna na yi dogon nazari irin na masu ilmi, na gano cewa duk bambancinmu a hanci yake. (Kada a tambaye ni yadda na kai ga wannan sakamako, ni ma har yau ina nema.)

A Birnin Kebbi ba zan iya zuwa a huda mini hanci ba, kowa a unguwar Nasarawa ya san ni da farar riga. Sai ranar wata Asabar na shiga mota zuwa Argungu wurin Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, ta raka ni gidan wata tsohuwa mai kitso, Inna Ige, wadda ke huda kunnen jariran unguwar. Wato dai irin matan da nake caccaka a lacca. Ta gasa allura a wuta, ta zura baƙin zare, kafin in gama bisimilla har ta ƙulle zaren tana goge hannu.

Ta ce, "To ɗiyata, ki bar zaren ga sai ya yi kwana arba'in. Ruwan ɗumi da gishiri, sahe da marece. Kak ki taɓa shi, kak ki sa mai komi."

Na ce to, a raina ina dariya. Ruwan gishiri? Miya za a kaɗa a hancin? Ni da na yi shekara biyu a makarantar kiwon lafiya, mai kitso ce za ta rubuta mini magani?

Kwana uku na iya daurewa. Na dubi madubi na ga baƙin zare yana reto a hancina kamar an ɗaure bakin buhu, na ce wannan ba zai kai ni Kaduna ba. Na sa reza na yanke shi, na ɗauko barimar da na saya wurin wani mai koli da ya rantse mini zinariya ce. Ta ƙi shiga. Na tura, ta ƙi. Na rufe ido na danna da ƙarfi, hawaye na zuba, ta shige. Na yi wa kaina barka.

Washegari hanci ya yi ja, sai ilmi ya motsa. Na buɗe kabad ɗin ofis na wanke hancin da sifirit. Da ya ƙara hawa na bi shi da aidin. Da ya fara ruwa na fasa kafso na barbaɗa masa garin. Duk bayan rabin awa kuma sai in murza barimar da yatsa in ji ko ya warke. Daga nan maƙwabta suka karɓi aikin. Wata ta ce man goge baki na tsotse ƙurji, na shafa. Matar wani direba ta leƙo ta ce mijinta da man birki yake warkar da duk wani rauni, yau ka sa, gobe ya bushe. Wallahi na tsaya na yi tunani, na ce ai gwaji ma wani reshe ne na ilmi. (Zafin da na ji ranar, sai da na zaga tsakar gida sau uku ba takalmi.) Na rufe da maganin nan mai launin shunayya da muke shafa wa yara a ƙuraje, wanda ko sabulu ba ya fitar da shi. Kafin kwana goma hancina ya koma albasa sak, har launin, barimar kuwa ta nutse ciki sai ɗan kanta ake hange.

A ofis na manna filasta, na ja gyale har ƙarƙashin ido, na ce mura ce da ciwon haƙori. Ana cikin haka Sista Kulu ta ce ranar Alhamis akwai taron mata a Argungu, ni zan yi magana a kan hujin kunnen jarirai, daga nan za ta yanke wadda za ta tafi kwas. Nan take na tuna da Inna Ige. Amma na lallashi kaina cewa Argungu gari ne babba, ba dole ba ne kowace tsohuwa ta zo taro.

Mata sun cika inuwar bishiyoyi a kan tabarmi, kowacce da goyo. Aka miƙo mini lasifika, na fara magana ta cikin gyale. Wata daga baya ta ɗaga murya, "Malama, ba mu jin ki!" Sista Kulu ta harare ni ta ce, "Ɗebe lulluɓin ga mana, ke amarya ta?" Na sauke gyale, na dogara ga Allah da filasta.

Da na ga ba wanda ya tanka, sai baki ya buɗe. Na manta da zafin rana, na manta da gumin da ke bin fuskata. Na yi faɗa a kan toka, na yi faɗa a kan kananzir, na yi faɗa a kan masu taɓa rauni da hannu ba wanki. Na ɗaga yatsa sama na ce, "Duk wadda ta shafa wa huji abin da ba a ce ta shafa ba, ita ta jawo wa kanta, kada ta zo mana asibiti da kuka!" Ina rufe baki filastar ta saki, ta faɗo a kan takardata.

Wani jariri a layin gaba ya dube ni ya fashe da kuka. Sai na ji wata murya da na sani daga gefen hagu.

"Af! Ba ke ta ɗiyar Hajo ba? Ina zaren da nis sa maki?"

Inna Ige ce. Ta taso da sandarta har gabana, ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske kamar mai taya akuya.

"Subhanallahi! Mi kinka sa mai?"

Na dubi Sista Kulu ko za ta cece ni. Ta harɗe hannu ta ce, "Ba ta amsa mana, Malama. Mu ma muna son mu ƙaru."

Haka na tsaya na lissafa, na kuma manta lasifika na bakina. Sifirit, mata suka ce ayya. Aidin da garin kafso, suka ce ash. Man goge baki, aka fara rufe baki da zane. Da na ce man birki, direbanmu da ke zaune can nesa sai da ya sulalo daga kan benci. Wata mata ta tambaya da iyakar gaskiyarta, "Malama, hanci na ko mota?" Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasar ma ta ƙi.

Sista Kulu ba ta yarda a yi asarar darasi ba. Ta sa aka zaunar da ni a kan kujera, Inna Ige ta aika aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, ta gasa mini hancin, Sista ta zaro barimar da hantsaki. Zinariyar tawa ta fito koriya shar. Sannan ta ce wa mata, "Ku taho ɗaya-ɗaya ku gani da idonku." Suka yi layi, kowacce ta leƙa ta ce sannu Malama, wasu har da ɗaga goyo shi ma ya gani. Luba ce ta riƙe kwanon ruwan, da wata fuskar tausayi da har yau ban yafe mata ba.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida har muka kusa Ambursa. Sista Kulu ta juyo ta ce, "Ban taɓa ganin laccar da tas shiga kunnen mata awa ta yau ba. Ke kam ba ki buƙatar kwas, nan munka hi buƙatar ki." Luba ta tafi Kaduna. Ni na zauna gida da ruwan gishiri safe da yamma, ga allurai biyar da Sista ta rubuta mini, hujin ya toshe ya bar mini ɗan tudu na tunawa. Na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa.

Abin da na koya shi ne, in an ce kada ki taɓa, to ki zauna a kan hannuwanki, ko da takardarki ta kai tabarma faɗi. Na yi shekaru ina wannan aiki bayan nan. In mace ta zo tana sunkuyar da kai ta ce ta shafa wa kunnen 'yarta toka ko kananzir, sai in wanke, in ba ta magani, in sallame ta da fara'a. Har na yi ritaya ban haɗu da wadda ta kamo ƙafata ba.