Saƙon Da Na Manta Ban Goge Ba

Ba zan taɓa mantawa da aikina na farko ba, ko da na so. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, intanet ma sai an je kafe. Na gama karatun kwamfuta ina zaune a gidanmu a Zaitawa, sai Alhaji Bukar, aminin marigayi mahaifina, ya sa ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ta ba ni aikin gina mata shafin intanet. Da yaren kwamfuta na PHP na rubuta shi. Ya kuma ce in rubuta bayani da Hausa kan yadda ake shiga, don kada in yi aure in tafi da ilimin (haka ya faɗa, a gaban mahaifiyata).

Na zage na rubuta. Mutum zai sa sunansa da kalmar sirri, saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta duba ko sun dace da abin da ke ajiye. In sun dace ta buɗe masa, ta riƙa gane shi har ya fita. In ba su dace ba, "za ta sanar da shi cikin ladabi". Wannan jimlar har layi na ja mata.

Ranar gwaji aka taru a ofis, aka tada janareto, aka haska majigi a bango. Na karanta bayanina ina ta iyayi. Sai aka ce Alhaji Bukar, wanda nake kira Baba Alhaji, ya fara shiga, tunda shi ne shugaba. Ya gyara tabarau, yana danna haruffa da yatsa ɗaya, ya kuskure guda. Nan take jan rubutu ya cika bango: "Kai ɓarawo, koma inda ka fito."

Ni na rubuta shi tun ina gwaji ni kaɗai, na manta ban canza ba. Wani dattijo da ba ya gani sosai ya nemi a karanta masa, aka kuwa samu mai karantawa (da ƙarfi). Na ja mayafi na rufe fuska, hawaye ya cika mini ido.

Can sai na ga kafaɗun Baba Alhaji suna rawa. Dariya yake yi har da cire tabarau. Ya ce tun yana saurayi yake kasuwa, ba a taɓa kama shi ba sai yau.

"Zo ki zauna, 'yata," in ji shi. "Mai gadin naki yana da himma, tarbiyya ce bai samu ba. Mu koya masa."

Yana faɗa ina bugawa: "Yi haƙuri, ba mu gane ka ba, sake gwadawa." Sannan ya rage murya ya ce mini mahaifina ma haka bakinsa yake, kuma ya daɗe bai ji kewarsa kamar yau ba.

Tun daga ranar ba na rubuta bayanin manhaja sai na sa kalmar sirri ba daidai ba da gangan, na ga amsar da idona. Ashe kwamfuta ba ta san rufin asiri ba. Abin da ka faɗa mata a ɗaki, shi za ta maimaita a gaban manya.