Hular Habu a Cikin Kwali

Ba zan taɓa mantawa da inda nake tsaye ba sa'ad da labarin rasuwar Habu ya iso ni. Ina ƙofar shagonmu na kago, inda muke aika kayan 'yan kasuwa gida, a Al Ras cikin Dubai, da hantsi, ƙafata ɗaya a kan kwalin turare, salatif a hannuna. Ƙaninsa ne ya kira daga Kano. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Yaya Habu ya rasu da asuba." Na yi salati, na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa naɗe kwalin nan tsaf, na ɗauki maka na rubuta sunan mai kayan da lambarsa da garin da za a kai. Bayan na gama ne na zauna a ƙasa. Hannuna ne ya yi aikin shi kaɗai, ni ban san na yi ba. (Ku riƙe wannan hali na hannuna, za mu dawo kansa.)

Shekara shida muna ɗaki ɗaya da Habu a Al Buteen. Hutu ya je gida, zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ba zan tsawaita a nan ba.

Habu yana da wani buri da ya dame ni da shi. Duk lokacin da zafin Dubai ya kai maƙura, har mutum ya ji kamar ana hura masa wuta a fuska in ya fito daga jirgin ƙasa na metro, sai ya miƙo min waya ya ce, "Sarkin Salatif, dubi nan. Salala ke nan, a Oman. Ƙasar Larabawa ce fa, amma ka ga duwatsu kore shar, ga bishiyoyi, ga ruwa yana zubowa." Wata irin damina ce suke yi ta 'yan watanni, suna ce mata harif. Ya shiga wata ƙungiyar 'yan Arewa ma'aikata masu hawan dutse a ƙarshen mako, wani Injiniya Kabiru ne shugabansu, kuma ya riga ya sa sunanmu mu biyu a tafiyar Salala ta shekarar. Har shadda ya bayar aka ɗinka mana a Kano, fara, iri ɗaya, wai da ita za mu yi hoto a saman dutsen.

Bayan sadakar arba'in wata Hajiya 'yar kasuwa ta kawo min saƙo daga mahaifiyarsa, wadda duk muke ce wa Inna. Tawa shaddar ce a ninke, da hular Habu zanna, wadda ya saya don hoton. Na kira Inna na yi mata godiya. Ta ce, "Ya ishe ni da zancen dutsen nan mai ruwa. In Allah ya kai ka, ka ɗora hular a wurin ka ɗauko min hoto. Ina so in ga abin da yake ta ɗoki a kai." Na ce, "Inna, an gama."

Injiniya Kabiru ya turo mana jerin abin da kowa zai tanada: kambas mai kaushin ƙasa, rigar ruwa, jakar goyo, sanda. Na karanta layin farko na rufe wayar. Ni a gindin Dala aka haife ni. Tun ban kai shekara bakwai ba nake hawa ina sauka, wani lokaci da gudu, wani lokaci da rake a baki. Mutanen ofis ne suke buƙatar sanda. Haka na faɗa wa abokan aikina a shago, haka kuma na maimaita wa Injiniya a filin jirgi. Ya dube ni ya ce, "Malam, Dala fa matakala gare shi na siminti." Na ce, "Dutse dai dutse ne, Injiniya."

Mu tara ne. Da muka sauka Salala mun kwana a wani ƙaramin masauki, da safe aka fito da guzurin rana a kan tebur don a raba wa kowa a jakarsa. Akwai kilishi, da dambun nama, da burodi, da dabino, da filas biyu na shayi. Ana yayyafi a waje, siriri, irin wanda ba ka jin saukarsa sai ka ga rigarka ta jiƙe. Na ga yadda suke cusa abinci a jaka ba tsari, burodi a ƙarƙashin filas, raina ya ɓaci. Na ce, "Ku dakata. Shirya kaya sana'ata ce. Ku tara min su nan."

Na roƙi kwali a kantin da ke kusa. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, na toshe kowane gurbi da takarda yadda ko girgiza shi aka yi ba abin da zai motsa. Hular Habu na sa ta a leda, na kwantar da ita a tsakiya don kada ruwa ya taɓa ta. Na naɗe kwalin da leda sau uku, na bi shi da salatif ta tsaye da ta kwance. (Ba na tafiya ko'ina ba salatif da maka a aljihu. Ko masallacin Juma'a.) Kafin in ankara hannuna ya rubuta laƙabina da lambar wayata a kai, a ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe, KANO.

Sannan na shiga ɗaki na fito cikin farar shadda mai sitati, da takalmi sau-ciki wanda na goge tun a Dubai.

Akwai wata Sista Rakiya a cikinmu, nas ce, ta girme mu duka, kuma ba ta ɓoye abin da ke bakinta. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, ɗaurin aure za mu ko suna? A faɗa min in canza mayafi."

Na ce, "Amanar aboki ce, Sista." Ta ƙyale zancen shaddar. Amma ta nuna kwalin ta ce, "To shi wannan ta ina za a riƙe shi?"

Gaskiya sai lokacin na lura ba shi da hannu. Kayan kago ba a yi musu hannu, a kura ake tura su. Ban bari an ga na lura ba. Na naɗe tawul na yi gammo, na ce, "Allah ya ba mutum kai."

Mota ta ajiye mu a gindin dutsen, wani Ba'omane mai nuna hanya ya shige gaba. Zan faɗi gaskiya, Habu bai yi ƙari ba. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Bishiyoyi sun rufe hanya, ruwa yana ɗiga daga ganye, gajimare ya sauko har yana ratsa tsakaninmu, ga shanu can ƙasa suna kiwo kamar a ƙauyenmu. Na yi tunanin da yana nan da surutu ya hana kowa sakat. Da na ji idona ya fara zafi sai na ƙara sauri.

Na wuce Sista Rakiya. Na wuce wasu matasa biyu masu sanduna bibbiyu kamar tsofaffi, na ce musu, "Yalla, a ɗaga ƙafa, 'yan ofis." Na wuce Injiniya, ya ce, "Malam, shwaiya shwaiya, bi a hankali, gaba akwai santsi." Har mai nuna hanyar na wuce. Ya yi min magana da Larabci yana nuna ƙafata, na ce masa, "Mafi mushkila," wato ba matsala, wanda shi ne rabin Larabcin da na mallaka.

Wurin da abin ya faru hanya ce siririya mai gangara, jar laka ce da ruwa ya kwana yana jiƙawa, ga kwari a hannun hagu. Kowa yana dafa bishiya ko sanda. Ni hannayena biyu suna sama suna riƙe da kwali. Na ɗaga ƙafar dama na sauke, sai na ji ba ta sauka a kan komai ba. Ta hagu ta bi ta. Na zauna da ƙarfi, na ji wani sauti daga wandona wanda duk telan da ya ji zai gane, sannan na fara tafiya.

Duk mutanen da na wuce a tsaye sai da na sake wuce su a zaune, ɗaya bayan ɗaya, a jere yadda na bar su. Mai nuna hanya, Injiniya, 'yan ofis biyu. Ɗayansu har matsa min ya yi in wuce. Ƙafafun Sista Rakiya ne suka tare ni. Na tsaya a gabanta, ƙafa a sama, takalmi ɗaya babu, hulata a kan ido. Wasu iyali Larabawa da suke hutawa a gefe da 'ya'yansu suka juya baya don kunya, amma kafaɗunsu suna rawa.

Sista ta leƙo fuskata ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan Dala."

Aka yi dariya sosai, kuma ban ga laifin kowa ba. Shaddar nan ta koma kalar tukunyar ƙasa, wandon ya rabu biyu daga baya. Idon sawuna ya fara kumbura. Sista ta duba ta ce targaɗe ne, ta naɗe shi da ɗankwali, ta nemi abin da za ta ɗaure. Na zaro salatif daga aljihu na miƙa mata ba tare da na dubi kowa ba. Ta naɗe ƙafar, ta ce in juya, ta naɗe wandon ma. Injiniya ya tsinci makata a laka, ya cire murfin ya ce, "Shi ma Kano za a rubuta?"

Sai ɗaya daga cikin matasan ya ce, "Wai ina abincin?"

Muka duba. Ashe da na faɗi kwalin ya bi ta hagu. Mai nuna hanya ya gwada mana da hannu yadda ya yi ta gangarawa yana tsalle har ya ɓace cikin bishiyoyin kwarin. Aka sake fashewa da dariya, wani yana cewa kilishi ya riga mu komawa gida.

Na ce, "Hular Habu tana ciki."

Duk sun san Habu, sun hau duwatsun Hatta da ke wajen Dubai tare da shi. Injiniya ya ajiye jakarsa zai sauka, mai nuna hanya ya riƙe hannunsa ya ce ba mai sauka nan a wannan santsi, ko su 'yan garin sai sun zagaya ta wata hanya. Na ce su ci gaba da tafiya, kada in ɓata musu rana sau biyu. Sista Rakiya ta rako ni ƙasa, ina ɗingishi ina dafa sandarta, salatif yana ƙara duk takun da na yi. Muka zauna a mota muna jiran sauran. Kunyar faɗuwar ta riga ta bar ni tun a hanya. Abin da nake juyawa a raina shi ne me zan ce wa Inna. Tsohuwa ta ba ni abu ɗaya da ɗanta ya saya bai sa ba, na sa shi a kwali na jefa a rami.

Washegari bayan azahar, muna haɗa kayan komawa, wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Wata murya ta dattijo ta ce, "Kano? Kano?" Na miƙa wa Injiniya, shi yana jin Larabci. Makiyayi ne. Ya tsinci kwali a tsakiyar shanunsa, ya ga rubutu, ɗansa ya karanta masa lambar. Tambayarsa ita ce, shi ne zai aika da shi Kano ko za mu zo mu karɓa.

Da kansa ya kawo a bayan motarsa. Bai yarda ya karɓi komai ba sai shayi. Kwalin ya lotsa ta kowace kusurwa, ga laka, ga alamar wata saniya ta gwada haƙorinta a kai. Na yanka salatif ɗin a gaban kowa. Burodi bai jiƙe ba. Filas ko ɗaya bai fashe ba. Hular tana tsakiya a ledarta, yadda na kwantar da ita.

Injiniya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gaskiya, Malam, aikinka ba shi da na biyu. Kai ne kawai ba a shirya da kyau ba."

Da na dawo Dubai na kira Inna. Na yi niyyar in tura mata hotunan da sauran suka ɗauka a sama in yi shiru, amma da na ji muryarta sai na faɗa mata komai, har wandon. Da farko na ɗauka ranta ne ya ɓaci. Ashe dariya take yi. Ƙanin Habu ya ce min daga baya tun rasuwar ba su ji ta yi dariya ba sai ranar. Ta ce, "Da yana nan da har ka tsufa bai bar ka ka huta ba." Sannan ta ce, "Hoton wasu ba na so. Kai na aika."

Abin da na koya ba shi da yawa. Shekara da shekaru na ƙware a shirya kayan da wani zai ɗauka, ban taɓa tambayar yadda ake ɗaukarsu ba. Kuma in mutum ya turo maka jerin abin da za ka tanada, ka daure ka karanta har layi na biyu. Yanzu ina da kambas, ina da jakar goyo, ina da sanda, har biyu. Ranar Juma'a da sassafe nakan bi 'yan ofis zuwa Hatta, ni ne na ƙarshe a layi, kuma ban damu ba. Shaddar an wanke ta sau uku, ta ƙi komawa fara.

Kafin ƙafata ta warke harif ya wuce, duwatsun Salala sun bushe sai wata shekara. Hular tana saman kabad ɗina a cikin ledarta. Har yau ban kai ta saman dutsen ba, kuma Inna tana jiran hotonta.