An Buɗe Gandun Yanyawa, Yanyawar Ba Ta Zo Ba

Jama'a, ku yi haƙuri da ni yau, da mura nake wannan rubutu. Jiya awa biyu na yi tsaye cikin yayyafi, sanye da kwat ɗin da na yi angwanci da ita, ina jiran Mai Girma shugaban garinmu, Sarkin Almakashi, ya zo ya buɗe mana gandun yanyawa a ƙarshen layinmu. Ya zo, ya yi jawabi, ya yanka ƙyalle, muka tafa. Kowa ya halarta in ban da yanyawar.

Ga yadda abin ya faro. A ƙarshen layin namu akwai wani fili da aka kewaye da langa-langa. Shekara tara ke nan da aka aza harsashin asibitin unguwa a wurin, har da 'yan badujala, kuma har yau bulo na biyu bai hau kan na farko ba. Bara sai wata yanyawa ta duba ta ga hukuma ta riga ta haƙa rami, ta tare abinta. A iya sanina ita kaɗai ce ta taɓa amfana da aikin.

Ni na fara ganinta. Shekara talatin da huɗu na yi ina tuƙa taragon cikin gari a aikin dare, don haka ko da na yi ritaya barci ba ya zuwa mini da wuri. Ina zaune a baranda, fitilun titi sun mutu tun kaka, sai ga ta ta sulalo ta ƙarƙashin langa-langa, jajir da ita, wutsiya kamar sabuwar tsintsiya. Ta tsaya a bakin titi, ta duba dama, ta duba hagu, sannan ta tsallaka.

Na ce wa matata, "Biserka, taso ki ga mai bin doka."

Daga cikin bargo ta ce, "Vinko, in ba motar shara ce ta zo ba, ka ƙyale ni in yi barcina."

Kullum sha ɗaya da kwata take fitowa, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Ni da na tsufa a kan jadawali ban taɓa ganin ma'aikaci irinta ba. Cikin wata guda ɓerayen da suka mallake tulin shararmu suka yi ɓatan dabo, ba tare da an yi taro ko an ba kowa kwangila ba.

Sannu a hankali maƙwabta suka fara fito da kujeru. Stipe, tsohon mahauci, yakan zo da kwalbar barasarsa ta rakija yana rantsuwa maganin sanyi ce. Har Inna Katica ta fito, tsohuwar da ta haura tamanin, wadda tun rasuwar mijinta ko labulen tagarta ba ta ɗagawa. Da bazara ta kama, yanyawar ta fito da 'ya'ya huɗu suna kokawa a kan dutsen harsashin da aka rubuta sunan Mai Girma. Ranar na ji dariyar Inna Katica, karo na farko cikin shekara biyu.

Ana haka sai labari ya kai ofishin hukuma. Takardar kokenmu kan fitilu wata bakwai tana kwance a can, amma maganar yanyawa kwana uku kacal ta yi aka kafa Kwamitin Ko-ta-kwana kan Barazanar Namun Daji. Suka zo da mota cike da tarkunan ƙarfe, kowanne da cinyar kaza a ciki. Daren farko suka kama kyanwar Stipe. Dare na biyu suka kama bushiya. Na uku, kyanwar Stipe kuma.

Stipe ya ce da ni, "Maƙwabci, kyanwar nan ta daina cin abincin gidana. Da magariba ta yi take tafiya ta shiga da kanta ta jira a rufe."

Dariya ta ƙare mana ran da aka manna sabuwar sanarwa cewa ranar Litinin za a zuba guba a ramin. Muka rubuta koke, muka bi taga-taga, aka buga mana hatimi aka ce ana nazari. Inna Katica ba ta sa hannu ba. Ranar Lahadi da yamma ta ja kujerarta da sandarta, ta ratsa ta inda langa-langar ta yage, ta zauna daram a bakin ramin.

Na ce, "Inna, sanyi zai kama ki."

Ta ce, "Ɗan nan, sanyi ya fi ka sanina. Je ka kawo mini bargo, ka bar surutu."

Biserka ce ta kira wata 'yar jaridar talabijin, jikar ƙawarta. 'Yar jaridar na cikin ɗaukar hoto, ƙaramin 'ya'yan yanyawar ya leƙo, ya kama igiyar takalmin tsohuwar yana ja, ita kuwa tana yi masa faɗa kamar jikanta. Washegari duk ƙasa ta gani. Zaɓe kuma saura wata biyu.

Masu guba ba su zo ba. Mai Girma ne ya bayyana a talabijin, hannu a ƙirji, yana cewa tun yana yaro yake mafarkin gandun namun daji a tsakiyar gari. Allah Ya ja zamaninsa, cikin mako biyu aka kafa allo, aka dasa bencina, aka jera manyan fitilu goma sha biyu. Layinmu na cikin duhu, ramin yanyawa na haske kamar filin ƙwallo. Daren da aka gwada fitilun, baiwar Allah ta kwashi 'ya'yanta ta yi gaba.

Jiya bayan an gama tafi, wani na hannun daman Mai Girma ya jawo ni gefe ƙarƙashin lemarsa.

"Baba, an ce kai ne ka fi kowa saninsu. Ina suka nufa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan babbar magana ce. Sai dai a kafa kwamiti."

Wallahi sai ya ciro biro ya rubuta.

To, in Mai Girma na karanta wannan shafi, ina tabbatar masa duk layinmu babu wanda ya san inda suke. Kujerun da muke kaiwa bayan gidan Inna Katica da dare, iskar wurin ce ta fi daɗi. Kazar da take saye duk ranar Laraba kuwa ita kaɗai ke cinye abarta har ƙashi, da haƙoranta guda biyu.